Wuƙar aljihu ta shiga daji: yadda za ka zaɓe ta, ka wasa ta, ka kula da ita

Tambaya biyu ce masu karatu suka fi aiko mini a kan wuƙa mai naɗewa. Ta farko, wace iri ce ta dace da mai fita farauta ko mai kwana a daji. Ta biyu, me ya sa wuƙar da aka saya da kaifinta take dakushewa cikin mako guda, kuma ko an goga ta a dutse ba ta dawowa. Amsar ta biyun ita ce ta fi nauyi, don yawancin wuƙaƙen da ake kuka da su ƙarfensu lafiya lau yake, wasawa da ajiya ne suka kashe su. Shi ya sa za ka ga na fi daɗewa a mataki na huɗu.

1. Zaɓi daidai aikinka

Fara da tsawon ruwan wuƙar. Santimita 8 zuwa 10 ya isa fiɗar zomo da gada, gyaran zabo da fakara, yankan igiya, fiƙe turke da yanka albasar girki. Wadda ta gaza haka tana wahalar da hannu wajen fiɗa, wadda ta wuce kuma nauyi ce kawai a aljihu, kuma duk girmanta ba za ta yi maka aikin adda ba.

Iri huɗu ne aka daɗe ana amfani da su, kuma za ka ga kwaikwayonsu a kasuwa.

Opinel ta yankin Savoie ce a Faransa, ana ƙera ta tun 1890. Ƙotarta katako ce, ruwanta siriri, kuma tana da zoben ƙarfe a wuya da ake murzawa ya kulle ruwan, wanda aka ƙara mata a 1955. Mai lamba 8 ruwanta santimita 8.5 ne, nauyinta bai kai giram 50 ba, kuma a Turai kuɗinta bai kai Yuro 20 ba. Ga wanda zai fara koyo, ita nake zaɓa masa, saboda sirantar ruwanta tana sa wasawa ta yi sauƙi.

Okapi an fara ƙera ta a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ita ce mai ɗan zobe a gadon baya, wanda ake ja kafin ta rufe. Tana da araha da juriya, sai dai sau da yawa tana zuwa ba kaifi sosai, kai za ka fitar mata da baki.

Douk-Douk ta garin Thiers ce a Faransa, tun 1929, ta kuma bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Ƙotarta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka ninke, ba ta kumbura da ruwa, ba ta cika aljihu. Ba ta da makulli, ƙarfin sifirin kawai ke riƙe ruwan.

Buck 110 ta Amurka ce, ta fito a 1964. Makullinta a bayan ƙota yake, ruwanta santimita 9.5, nauyinta ya kai giram 200, don haka a kube ake rataya ta a ɗamara. Ita ce ta fi ƙarfin makulli a cikinsu, ita ce kuma ta fi tsada, ta haura Dala 50.

Sai batun ƙarfe. Idan ka ga an buga Inox ko Stainless a jikin ruwan, wannan ba ya saurin tsatsa, ya dace da mai yawan shiga fadama ko kamun kifi. Idan an buga Carbone ko Carbon, baƙin ƙarfe ne, ya fi saurin ɗaukar kaifi a kan dutse na gama-gari, amma idan ka bar shi da jini ko danshi ya kwana, da safe za ka tarar da tsatsa. Mai kula da kayansa ya ɗauki baƙin ƙarfe. Wanda ya san halinsa na mantuwa ya ɗauki ɗayan.

Gargaɗi: wuƙar da aka cika wa ado, mai zanen damisa da haƙoran zarto a baya da maɓallin da ke cilla ruwan waje, ka bar ta a kan tebur. Haƙoran ba sa wasuwa a dutse, maɓallin yana cika da ƙasa, kuma ita ce irin da ke jawo maka dogon bayani a shingen bincike.

2. Gwada ta kafin ka biya

Buɗe ta gaba ɗaya ka kulle. Riƙe bayan ruwan kusa da tsini da yatsu biyu, ka girgiza hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan na gefe ana iya gyara shi. Motsin sama da ƙasa alama ce makullin bai kama ba, wannan kuwa ba ta da magani, ajiye ta.

Sannan in mai makulli ce, ka danna bayan ruwan da tafin hannu kamar za ka rufe ta ba tare da ka saki makullin ba, yatsunka duk suna gefen ƙota, ba a kan ramin da ruwan ke shiga ba. Idan ta ba da kai, a daji ma za ta ba da kai, a lokacin kuwa yatsunka suna hanya.

Rufe ta ka duba abu biyu. Tsinin ya nutse cikin ƙota, kada ya leƙo ko kaɗan, in ba haka ba zai yaga aljihu ya yanki cinya. Kaifin kuma kada ya riƙa dukan sifirin a ciki. Za ka gane haka idan ka ga wani ɗan wuri mai ƙyalli a kan kaifin bayan ka rufe ka buɗe.

Jabu sun yi yawa. Opinel ta gaskiya tana da tambarin hannu da kambi a kansa a jikin ruwan, rubutun kuma a fili yake ba a cakuɗe ba. In aka sa maka Buck 110 a farashin wuƙar yanka albasa, ka san inda aka dosa. Araha ba ta ado.

3. Tara kayan aiki

Ba su da yawa, kuma in ban da dutsen, yawancinsu suna gidanka. Dutsen wasa wuƙa mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, irin wanda masu kayan kafinta ke sayarwa. In ba ka samu ba, je wurin masu sayar da kayan fentin mota ka sayi samfefa mai jure ruwa, lamba 400 da 800 da 1200, ka shimfiɗa a kan gilashi ko tayil mai santsi. Wannan ta fi dutsen banza aiki nesa ba kusa ba, kuma ita ce hanya mafi araha. Sai tsohon bel na fata, alƙalamin maka baƙi, tsohon burushin haƙori, tsinken sakace, tsumma, da mai.

Man da ya fi dacewa shi ne farin man farafin da ake sayarwa a kemis, don ba ya wari, ba ya lalacewa, kuma ba ya cutarwa idan ya taɓa nama. Man keken ɗinki ya yi wa mahaɗar, ɗigo ɗaya, amma kada ka shafe ruwan da shi. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo a cikin mahaɗa, ƙura ta manne masa. Baƙin man inji kuwa kada ya kusanci wuƙar da za ta taɓa abinci.

4. Wasawa

Yi wannan a gida, a zaune, da rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jiƙa dutsen da ruwa, ka ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Kulle wuƙar a buɗe. Shafa maka a kan bakin kaifin, gefe da gefe, daga gindi har tsini. Wannan baƙin layin shi zai riƙa gaya maka gaskiya a duk tsawon aikin.

Yanzu kwanciyar ruwan a kan dutse. Abin da ake nema wajen digiri 20 ne a kowane gefe. Hanyar gane shi: ɗauki takarda ka ninke kusurwarta gida biyu, ka sake ninkewa. Abin da ya fito digiri 22 da rabi ne, ka ɗan rage kaɗan ka samu daidai. Ko kuma ka kwantar da ruwan a kan dutse, ka ɗaga bayansa kimanin kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. A wuƙa irin Opinel mai lamba 8, wajen milimita 5 zuwa 6 ke nan.

Fara da fuska mai kaushi. Tura wuƙar gaba kamar kana son yanko siririn falle daga dutsen, kana janta a karkace yadda gogawar za ta fara daga gindi ta ƙare a tsini. Da ka iso inda ruwan ya lanƙwasa wajen tsini, ɗaga ƙotar kaɗan, in ba haka ba wurin ba zai taɓa dutsen ba. Yi sau biyar ka tsaya ka duba makar. Idan ta goge daga sama amma bakin kaifin yana nan baƙi, ka kwantar da yawa, ƙara ɗagawa. Idan bakin kawai ya goge sama tana nan, ka ɗaga da yawa. Idan ta goge gaba ɗaya, ka samu, sai ka riƙe wuyan hannunka a haka, motsin ya riƙa fitowa daga kafaɗa.

Ga inda mafi yawan mutane ke faɗuwa. Suna goga nan sau uku, can sau uku, suna juyawa, su yi rabin awa wuƙa ba ta yi kaifi ba. Tsaya a gefe ɗaya har sai ƙarfen ya tanƙwaro wani siririn leɓe zuwa ɗaya gefen. Ido ba ya cika ganinsa, yatsa ke jinsa. Ɗora babban yatsa a kan gefen da ba ka goga ba, ka ja shi daga bayan wuƙa zuwa bakin kaifi ya wuce, za ka ji ɗan kaushi yana kama fatar. Sai ka ji shi tun daga gindi har tsini kafin ka juya. Muddin wannan leɓen bai fito ba, gogawarka ba ta kai bakin kaifin ba, ko da ka wuni.

Gargaɗi: kada ka taɓa jan yatsa a tsawon kaifin. A gicciye ake shafawa, daga baya zuwa baki.

Juya ka yi wa ɗaya gefen daidai adadin da ka yi wa na farko, har leɓen ya koma wancan ɓangaren. Sabuwar Okapi ko wuƙar da ta daɗe a dakushe tana iya cin minti ashirin ko fiye a wannan fuskar. Wannan sau ɗaya ne, nan gaba minti biyar ya isa.

Koma fuska mai laushi. Yanzu ka sassauta hannu, ka riƙa juyawa: goma nan goma can, biyar da biyar, sannan ɗaya-ɗaya, kana rage nauyin hannu har ya zama nauyin wuƙar kawai ke kan dutsen. Aikin wannan fuskar shi ne ta sirantar da leɓen nan har ya kusa faɗuwa.

Ƙarshe fata. Rataya bel a ƙusa ka ja shi ya miƙe, ko ka shimfiɗa shi a kan katako. A nan baya ake ja, bayan wuƙar ke gaba kaifin na bin sa, yadda wanzami ke yi wa askarsa. Sau ashirin a kowane gefe. Idan ka tura kaifin gaba za ka yanke bel ɗin. Idan ka murza wuyan hannu a ƙarshen kowane ja, za ka dunƙule bakin da ka sha wahalar fitarwa. Ɗaga ta sama cak, ka juya, ka sake kwantarwa.

Gwaji: riƙe takardar jarida a sama ka yanka daga gindi zuwa tsini. Inda ta tsaya ko ta yaga, nan ne bai wasu ba, koma dutse a daidai wurin. Wani gwajin shi ne ka kalli bakin kaifin kai-tsaye a hasken rana. Kaifi na gaskiya ba ya ƙyalli, duk inda ka ga ɗigon haske a dakushe yake.

Gargaɗi: kada ka kai wuƙar aljihu wurin mai injin wasa adda da gatari. Dutsen inji yana cin siririn ruwa cikin daƙiƙu, kuma zafinsa yana kashe taurin ƙarfen. Da ka ga bakin ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa, wannan wurin ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi gaba ɗaya. Goga ta a siminti ko bakin rijiya ma ɓata ta yake yi.

5. Aiki da ita a daji

Kulle ta duk lokacin da ka buɗe, ko igiya ɗaya za ka yanka. Yanka nesa da jikinka, kuma kada ka fiƙe itace a kan cinya. Babbar jijiyar jini tana bi ta cikin cinya, kuma daji ba wurin neman ɗinki ba ne. Ka durƙusa, ko ka jingina gwiwar hannu a kan gwiwoyinka aikin ya zama a gabanka.

Wajen yanka dabba, kaifi wajibi ne. Hadisi ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Wuƙar aljihu ta isa tsuntsu da zomo. Dabbar da ta kai girman akuya tana buƙatar wuƙa mai tsawo, don haka ka riƙe ta daban a kube.

Wajen fiɗa, gashi da ƙasar da ke cikinsa su ne ke cin kaifi. Yi ƙaramin tsagi, ka juya kaifin ya kalli sama, ka sa yatsu biyu a ƙarƙashin fatar suna ɗaga ta, wuƙar tana tafiya tsakaninsu daga ciki zuwa waje. Haka ba za ka yanki gashi ba, ba kuma za ka huda tumbi ko matsarmama ka ɓata naman ba. Inda fata ke saɓulewa da hannu, ajiye wuƙar ka sa hannu. A gaɓoɓi, lanƙwasa ƙafar ka nemi mahaɗar ƙashi, ka yanke jijiyoyin, za ta rabu da kanta.

Gargaɗi: kada ka sari ƙashi da ita, kada ka doki bayanta da itace don faskare, kada ka ɓamɓari murfin gwangwani ko ka kwance noti da tsininta. Duk ƙarfin wuƙa mai naɗewa a kan ƙusa ɗaya yake, ita ce ke fara saki. Douk-Douk da duk wadda ba ta da makulli, kada ka soka da ita da ƙarfi, tana iya rufewa a kan yatsu.

In akwai rauni a hannunka, sa safar roba kafin ka taɓa jini. Dabbar da ka tsinta a mace ko tana ciwo, kada wuƙarka ta taɓa ta. Ɓeraye kuma su ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, a nisance su. Idan ka yanke, wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ka danne, in ya yi zurfi ka nemi asibiti a duba batun allurar tetanus.

Idan kaifi ya ragu kana tsakiyar aiki, bel ɗin da ke ƙugunka ya isa ya farfaɗo da shi. In ya wuce haka, ɗan guntun samfefa mai lamba 800 a naɗe a jikin itace mai faɗi zai yi.

6. Wanki bayan aiki

Kada ka naɗe ta da jini. Goge ruwan da ganye ko tsumma nan take, sannan in ka samu ruwa ka wanke. A gida, ka bi ramin ƙota da mahaɗar da burushi da tsinke, don kitse da gashi a nan suke maƙalewa su ruɓe, su ne kuma ke hana makullin Buck zama daidai. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu suna narkar da kitse.

Mai ƙotar katako kada ka tsoma ta cikin ruwa, ruwan wuƙar kawai za ka wanke, kana riƙe da ita tsini ƙasa. Tsane ta sosai, bar ta a rabin buɗe a inuwa ta sha iska, sannan ɗigon mai ɗaya a mahaɗa, ka buɗe ka rufe sau da yawa, ka goge abin da ya fito. Shafa mai kaɗan a ruwan.

Baƙin ƙarfe zai riƙa yin duhu-duhu ko toka-toka idan yana yanka nama, albasa da lemon tsami. Bar shi, wannan dusashewar tana ɗan kare shi. Jar tsatsa mai kaushi ita ce abokiyar gaba. Cire ta da samfefa mai lamba 1200 da ɗan mai tun ba ta yi rami ba.

7. Damina da hunturu

Katako yana shan danshi. Da damina ƙotar Opinel takan kumbura ta riƙe ruwan wuƙar gam, farce ya kasa ɗago shi. Kada ka sa filaya. Saki zoben, riƙe ta ta wuya ramin yana kallon ƙasa, ka ƙwanƙwasa ƙarshen ƙotar a kan itace mai tauri, ruwan zai leƙo yadda za ka kama. Sannan ka bar ta a buɗe kwana biyu a wuri mai iska. Kada ka gasa ta a bakin wuta, ƙotar za ta tsage. Idan ta bushe, shafa kakin zuma ko man farafin a wuyan ƙotar da cikin ramin, zai rage shan ruwa.

Da hunturu akasin haka ne. Katakon yana ƙanƙancewa, ruwan ya saki har ya riƙa buɗewa da kansa. Opinel da aka ƙera daga 2000 zuwa yau zobenta yana kulle ta a rufe, ka yi amfani da shi kafin ka jefa ta aljihu. Idan girgizar gefe ta yi yawa a kowace irin wuƙa mai ƙusa, maƙeri zai ɗora kan ƙusar a kan maƙera ya ɗan dandaƙa a hankali, yana gwadawa bayan kowane bugu. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya sa ta ƙi buɗewa.

Idan za ka daɗe ba ka yi amfani da ita ba, cire ta daga kuben fata. Fata tana riƙe danshi, tana sa ƙarfe tsatsa, tagullar da ke jikin Buck kuma ta yi kore. Shafe ta da mai, naɗe a busasshen tsumma, ka ɗora inda hannun yara ba ya kai.

8. Ɗauka a hanya

A mota, sa ta cikin jaka tare da sauran kayan farauta ko na gona, a rufe, ba a aljihun gaba ba. In an tambaye ka a shinge, faɗi tun kafin a gano ta. A jirgin sama sai cikin akwatin da ake aunawa, in ta shiga jakar hannu za a ƙwace. Kada ka shiga da ita taron biki, filin ƙwallo ko makaranta. Wuraren da aka keɓe wa namun daji kamar Yankari, Gashaka-Gumti da gandun W na Nijar an hana farauta a cikinsu, don haka in za ka kai ziyara, tambayi masu gadi a ƙofa kafin ka shiga da ita, ko da ta yanka lemo ce.